TUKUNYA BA NAMA, JIKI BA RAMA

Jawabin da ma'aikacin sashen raya karkara ya gabatar a taron zumuntar mata da dattawan ikilisiyoyi na yankin Tsanyawa

 

Maganar da aka ba ni yau maganar tukunya ce. Kowa a nan ya san yadda kasuwa ta koma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. A tsakiyar 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a cikin shekara guda. Ba sai an karanta mana wannan a takarda ba, mun gani a teburin mahauci, mun gani a gwangwanin madara. Gidaje da yawa sai ranar Kirsimeti ko ranar biki suke ganin nama. Tambayar da iyaye mata suke yi mana ita ce: in babu nama, babu madara, da me za a gina jikin yara?

Amsata a taƙaice ita ce: yawancin abin da jiki yake nema a nama yana nan a gonarmu, in mun san yadda za mu haɗa shi. Amma akwai ɗan abin da gona ba ta bayarwa, kuma shi ma zan faɗa muku, domin kada a yi gyaran gangar auzinawa.

Ba mu kaɗai ba ne

A ƙasar Ingila, a shekarar 1944, wani mutum mai suna Donald Watson da abokansa suka kafa ƙungiyar mutanen da ba sa cin duk abin da ya fito daga dabba, ko nama, ko kifi, ko ƙwai, ko nono. Ana kiransu 'yan bigan. Wasu suna yin haka domin tausayin dabbobi, wasu domin lafiya, wasu domin kula da ƙasa da ruwa. A Habasha kuwa, Kiristocin Otodoks sun daɗe suna barin nama da nono da ƙwai a ranakun Laraba da Juma'a, da kuma kwana 55 na azumin da ke gaban Ista, suna cin miyar garin wake da ganye. Mun kuma san labarin Daniyel da abokansa a Babila, a sura ta 1 ta littafinsa, yadda aka gwada su kwana 10 da kayan lambu da ruwa.

Ban zo in kafa wa kowa doka ba. Cin nama ba zunubi ba ne, barinsa kuma ba ya sa mutum ya fi wani tsarki. Manzo Bulus ya yi wa Romawa gargaɗi a sura ta 14 cewa mai ci da marar ci kada su raina juna. Na kawo waɗannan misalai ne domin mu cire kunya. A wurinmu miyar da ba nama ana kiranta lami, ana ɓoye ta in baƙo ya zo. Alhali kuwa a wasu ƙasashe masu kuɗi ne suke biyan tsada domin su ci irin abin da muke rainawa.

Me jiki yake nema a nama?

Babban abin da ke cikin nama shi ne sinadarin gina jiki, wanda ma'aikatan asibiti suke kira furotin. Da shi ake gina tsoka da jini da fata, da shi yaro yake girma, da shi rauni yake warkewa. Ku ɗauke shi kamar tubalin gini. Tubalin iri 20 ne, kuma 9 daga ciki jiki ba ya iya yin su da kansa, dole sai daga abinci.

To, ga lissafi. In aka auna giram 100, gero ko dawa suna da furotin wajen giram 10 zuwa 11. Ɗanyen naman sa marar kitse yana da wajen giram 20. Busasshen wake yana da wajen 24, gyaɗa wajen 25, waken suya kuwa yana kai 36 zuwa 40. Gaskiya ne in an dafa wake yana shan ruwa ya kumbura, don haka sai an ci da ɗan yawa. Duk da haka, ku kwatanta kuɗin kwanon waken suya da kuɗin kilon nama, ku ga wanda zai ciyar da gida na mutum 10.

Ga inda hikimar take. Hatsi, wato gero da dawa da masara da shinkafa, suna da ƙarancin wani irin tubali wanda wake yake da shi da yawa. Wake kuma yana da ƙarancin wani irin wanda hatsi yake da shi. In an ci su a yini ɗaya, kowanne ya cike giɓin ɗan'uwansa, gini ya tashi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kakanninmu ba su shiga makarantar koyon abinci ba, amma ku duba abin da suka bar mana: koko da ƙosai, wake da shinkafa, ɗanwake, alale, tubani, kunun gyaɗa, dambu da zogale da ƙuliƙuli, fate da gyaɗa. Yawancinsu hatsi ne ko rogo tare da ɗan gidan wake. Matsalarmu ita ce mun mai da waɗannan abin talla da abin marmari, muka bar tuwo da lami safe da dare.

A madadin nama: awara

Waken suya ya shigo Nijeriya a 1908, kuma 'yan'uwanmu Tibi na Binuwai su ne suka fara noma shi da yawa. Shekaru da dama ana nomawa ana sayarwa waje, ba a ci a gida. Daga shekarun 1980 ne cibiyar binciken aikin gona ta IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967, tare da wasu cibiyoyin ƙasar nan, suka dage wajen koya wa mata sarrafa shi. Ita awara asalinta daga ƙasar Sin ne, inda aka fi shekara 1,000 ana yin ta, kuma ƙanwa ce ga wara, cukun nonon shanu da ake yi a ƙasar Yarabawa. Yau babu ƙofar makarantar da ba a soya ta. Abin da nake roƙo shi ne a shigo da ita cikin tukunyar gida.

Ga yadda ake yi, domin waɗanda ba su taɓa gwadawa ba:

1. A tsince waken, a cire tsakuwa da ruɓaɓɓe. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.
2. A jiƙa shi awa 6 zuwa 8. Lokacin zafi kada ya wuce haka, zai yi tsami.
3. A wanke, a murje ɓawon, a kai inji a markaɗa da laushi.
4. A ƙara ruwa, a tace da ƙyalle mai tsabta.
5. A ɗora ruwan a wuta, a tsaya a kai domin yana saurin zuba. A bar shi ya tafasa sosai.
6. A rage wuta, a riƙa zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan, na gasara wanda ya kwana, ko na tsamiya, ko na lemun tsami, har ya dunƙule ruwan ya koma garai-garai.
7. A kwashe a ƙyalle, a sa gishiri da albasa da attaruhu, a ɗaure, a danne da dutse mai tsabta har ruwan ya tsane.
8. A yanka, a soya sama-sama, a jefa cikin miyar dage-dage ko miyar taushe kamar yadda ake jefa tsoka.

Dusar da ta rage a ƙyalle kada a ba akuya duka. Akwai sauran amfani a cikinta. A zuba kaɗan a ƙullun ƙosai ko alale, ko a shanya ta bushe a haɗa da garin tuwo.

Gargaɗi ɗaya: ba a cin waken suya ɗanye ko rabin dahuwa. Yana da wani sinadari da ke hana ciki narkar da furotin, kuma wuta ce kaɗai take kashe shi. Ko madara, ko gari, ko awara, sai ya ji wuta sosai.

A madadin madarar gwangwani

Ruwan nan da aka tace kafin a sa tsami, shi ne madarar waken suya. A tafasa shi minti 20 bayan ya fara tafasa, ana motsawa, a sa ɗan sukari da gishiri kaɗan. Masu cewa yana da ƙarni, ga dabara: bayan an jiƙa waken, a zuba shi cikin tafasasshen ruwa na ɗan mintoci kafin a kai inji. Wannan dabarar ta madara ce, ba a yi wa waken awara haka, domin awarar ba za ta yi auki ba. Ana shan madarar da shayi ko koko, ana dama fura da ita. Amma a yi daidai wadda za a shanye a ranar, domin ba ta kwana in babu firiji.

Muna kuma da kunun gyaɗa da kunun aya. Ku lura dai, kunun aya abin sha ne mai daɗi, amma bai kai madarar waken suya gina jiki ba. Riɗi kuma, da ganyen zogale da kuka, suna taimakawa da sinadarin ƙarfafa ƙashi da haƙori wanda muke samu a nono. Kantun riɗi ya fi alewar shago amfani ga yaro nesa ba kusa ba.

A madadin ɗunƙulen miya

Yanzu mace tana iya jefa ɗunƙule 5 ko 6 a tukunya ɗaya, kuma yawancin abin da ke cikinsa gishiri ne. Yana ba da ɗanɗano, ba ya gina jiki, yawansa kuma ba ya yi wa mai hawan jini kyau. Daddawar kalwa, wadda ake yi da 'ya'yan ɗorawa, tana ba da ɗanɗano kuma ita kanta abinci ce. Haka daddawar batso ta 'ya'yan yakuwa. Inda kalwa ta yi tsada saboda an sare ɗorawa, ana yin daddawa da waken suya, kuma ta fi sauƙin dahuwa, ba ta cin itace kamar kalwa. Da tsohuwar zuma ake magani. Gishirin da za a sa kuwa a tabbata mai aidin ne, wanda ke hana maƙoƙo.

Garin kunun yara

Iyayena mata, wannan sashen naku ne. Yaron da ya wuce wata 6 cikinsa ƙarami ne, koko tsararo yana cika shi da ruwa ne kawai. Ku auna gero ko dawa gwangwani 6, waken suya gwangwani 3, gyaɗa gwangwani 1. A jiƙa waken suyan, a shanya, a soya shi a kasko ba mai har ya yi ƙamshi, a ɓarza a fece ɓawon. A soya hatsin da gyaɗar daban-daban, a haɗa a niƙa, a adana a mazubi mai murfi. A dama shi da kauri, a bar shi ya dahu a wuta, a ɗiga ɗan manja ko man gyaɗa, a ba yaro a kwanonsa shi kaɗai, domin a san abin da ya ci. In an haɗa shi kwano ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma 2 sun sid'e kwanon.

Gyaɗar da za a yi amfani da ita a tsince ta da kyau. Wadda ta yi fumfuna, ko ta yi baƙi, ko take ɗaci, tana ɗauke da guba mai lalata hanta kuma mai hana yaro girma, kuma suya ba ta kashe ta. Kada a ce a yi ƙuliƙuli da ita don gudun asara. A zubar.

Abin da gona ba ta bayarwa

Yanzu ga sashen da nake so kowa ya buɗe kunne.

Na farko, babu abin da ke maye gurbin nonon uwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Madarar waken suya ta gida ba abincin jariri ba ce. In uwa ta rasu ko ba ta da lafiya, a je asibiti a nemi shawara.

Na biyu, akwai bitamin da ake kira B12, mai kula da jini da jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Ba a dogara da tsiro wajen samunsa, ko zogale, ko daddawa. Yana cikin nama da hanta da kifi da ƙwai da nono. Hantar mutum tana ajiye shi na tsawon lokaci, shi ya sa babba mai lafiya ba zai ji komai ba don ya yi makonni bai ci nama ba. Amma wanda zai bar abincin dabba gaba ɗaya dole ya riƙa shan ƙwayar wannan bitamin, kuma 'yan bigan ɗin Turai da kansu haka suke yi. Saboda haka mai ciki, da mai shayarwa, da yara ƙanana, da marar lafiya, ba a hana su ƙwai da nono da kifi. Ƙwan zabi da damina, ɗan busasshen kifi da aka daka cikin miya, kindirmo ludayi ɗaya, waɗannan ƙanana ne a kuɗi, manya ne a jiki.

Na uku, sinadarin ƙarin jini da ke cikin wake da ganye bai kai na nama saurin shiga jiki ba. Abin da ke taimaka masa shi ne abu mai ɗan tsami: tumatir, lemo, gwaiba, garin 'ya'yan kuka. Abin da ke tare shi kuwa shayi ne in an sha tare da abinci, don haka a bari sai bayan awa 1 ko 2. Mai ciki kuma ta je awo, ta sha ƙwayoyin ƙarin jinin da ake ba ta. A rage kanwa a girki, domin yawanta yana kashe wasu bitamin. Jiƙa wake tun da dare yana sa ya yi saurin dahuwa ba sai an cika kanwa ba.

Na huɗu, in kun ga yaro ƙafafunsa sun kumbura, ko gashinsa ya yi ja yana zuba, ko ya rame ƙwarai ba ya son abinci, wannan tamowa ce, ta wuce maganin kunu. A kai shi asibiti ranar, kada a jira ranar kasuwa. Haka kuma yaron da ya ci gyaɗa ko waken suya jikinsa ya yi borin jini ko numfashi ya yi masa wuya, a daina ba shi, a garzaya da shi.

Magana ga iyaye maza

Iyayena maza, tukunya tana farawa ne daga rumbu. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman wake, kuma mu nan muna cikin masu noma shi. Amma da kaka muna kwashe wake da gyaɗa da riɗi mu sayar da araha, su bi mota zuwa Bichi da Dawanau, sannan da bazara uwargida ta sayi gwangwani ɗaya da tsada. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kafin a kira ɗan kasuwa, a ware rabon gida.

Na san dalilin da ake bayarwa shi ne ƙwari. Akwai buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro. In waken ya bushe sosai aka ɗaure kowace leda tam, ƙwarin suna mutuwa don rashin iska, ba sai an zuba magani a abin da yara za su ci ba. Jarka mai tsabta mai murfin kirki ita ma tana yin wannan aikin. Shi waken suya ƙwari ba su cika damunsa a ajiya ba, sai dai irin shukarsa yana saurin mutuwa, don haka a gwada tsirarsa kafin a shuka.

Gonakinmu ƙanana ne, kuma ƙasa ta gaji, domin kowace shekara ana noma ta. Wake da gyaɗa da waken suya suna da ƙulle-ƙulle a saiwarsu waɗanda ke jawo taki daga iska. Wasu irin waken suya kuma suna sa 'ya'yan ƙuduji su tsiro su mutu don ba su sami dawa ko gero da za su kama ba. Damunarmu gajera ce, don haka a tambayi malaman gona na KNARDA irin da ke nuna da wuri. Ko kunya 10 aka ware a gefen gona, mafari ne. A bayan gida kuma a dasa zogale inda ruwan wanke-wanke yake bi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Abu na ƙarshe gare ku: ranar da aka samu tsoka ɗaya ko ƙwai ɗaya a gida, al'ada ta ce na maigida ne. Ina roƙonku da girmamawa, a juya wannan. Mu manya gininmu ya riga ya tashi. Yaro da mai ciki su ne ake kan ginawa.

Gwajin kwana 10

Gani ya kori ji. Ina ba manya masu lafiya shawara su gwada kwana 10 ba nama, ba madarar gwangwani, ba ɗunƙulen miya. Ga misalin yini ɗaya: da safe koko da ƙosai, ko kunun gyaɗa. Da rana ɗanwake ko wake da shinkafa, da kwaɗon zogale ko rama da ƙuliƙuli. Da dare tuwo da miyar kuka mai daddawa da dakakken wake, ko miyar taushe da kabewa da awara. A riƙa sa ɗan mai a ganye, domin sai da mai jiki yake ɗaukar bitamin ɗin da ke gyara ido. Wanda bai saba da wake kullum ba zai ji kumburin ciki a kwanakin farko. Ya fara da kaɗan, a zubar da ruwan jiƙon, ciki zai saba. Mai ciwon sukari ko ciwon ƙoda ko wanda yake kan magani ya fara tambayar ma'aikacin lafiya.

Kowace mace ta sa ɗanta ɗan makaranta ya rubuta abin da aka kashe kowace rana. Kuɗin da ya ragu kada ya bi iska, a sayi ƙwai ko kifi da shi domin yara da masu ciki. Ina kuma roƙon kowace zumunta ta zaɓi mata 2 waɗanda suka iya awara da daddawa, su koya wa sauran bayan sujada, kowa ta kawo gwangwanin wake ɗaya da ɗan itace. A tuna da gwauraye da gidajen da ke riƙon marayu wajen rabon abin da aka dafa. In muka sake haɗuwa, ku zo da takardun lissafinku da tambayoyinku, mu ji wace miya ce yara suka karɓa, wacce suka ƙi, mu gyara tare.

 Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana yaranmu cikin ƙoshin lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.